Faranti na Uku

Ranar da muka sauka a ƙasar da aka tura mu wa'azi, tun ba mu kwance jakunkuna ba, Babban Fasto ya zaunar da mu ya jero mana dokokin aiki. Mu riƙa fita biyu-biyu. Kada mu yi gardama a bakin ƙofar mutane. Duk gidan da aka ajiye mana abinci mu ci, mu yi godiya, ko da cikinmu ya cika. Ya ce mutum yakan manta wa'azinka kafin ka kai bakin titi, amma ba ya manta ka ture masa faranti.

Wannan doka ta ƙarshe ba ta ba ni wahala ko kaɗan ba, don ni da abinci ba ma faɗa. Abokin fitata ma, wanda kowa ke kira Dogo, bai taɓa barin ƙwayar shinkafa a faranti ba, ko da yake shi yakan ce biyayya ce ke sa shi.

Aikin kuwa na ƙafa ne. Ka hau bene, ka ƙwanƙwasa, ka gyara murmushi. Wani ya leƙo ta tsagar ƙofa ya rufe, wani ya bar karensa ya amsa maka. Harshen ƙasar ya fara zama a bakina, sai dai har yanzu yara na dariya idan na yi gaisuwa. Ban damu ba. Na san abin da ya kawo ni, kuma takalmina mai ƙwari ne.

A can hawa na ƙarshe na wani tsohon bene muka gamu da Inna, wata dattijuwa tela. Ɗaki ɗaya gare ta: keken ɗinki a gindin taga, tebur, kujeru biyu, da ɗan wurin girki bayan labule. Ba ta taɓa cewa za ta zo coci ba, kuma rabin karatunmu ƙarar keke ke cinye shi. Amma ta kafa mana sharaɗi, duk ranar da muka shigo layinta mu hawo da rana. Layin kuwa a kan hanyarmu yake, kusan kullum muna ciki. Za ta ajiye mana shinkafa da ƙwai a faranti biyu, ta tsaya a jikin labule tana kallonmu.

"Inna, ke fa?" nakan ce.

"Na ci tun ɗazu. Ku dai ku ci, 'ya'yana."

Wata rana tana miƙewa daga kan keke jiri ya ɗebe ta, da kyar ta kama gefen tebur. Na ruga bayan labule in ɗebo ruwa. Ga tukunya an kankare ta tas, sai ɗan ƙanzo a jiƙe a ƙasa. Ga ƙwayoyin ciwon sukari a kan kantar kwanuka, irin waɗanda ba a sha da yunwa. Na duba ko'ina, faranti biyu ne kaɗai a gidan, kuma duka suna gabanmu. Ashe abincin ranarta muke cinyewa, mu ce amin, mu sauka muna yabon kirkinta. Raina ya ɓaci ƙwarai.

A kan matakala na gaya wa Dogo. Shi mutum ne mai tafiya a miƙe, ba ya kwana. Washegari tana ajiye farantin ya tura shi gefe.

"Inna, mun gode, mun ƙoshi. Daga yau kada ki ƙara wahalar da kanki."

Ta kwashe farantan ta kai bayan labule, ta dawo ta taka keke kamar ba kowa a ɗakin. Da muka dawo ranar da ta biyo, muna jin keken yana aiki a ciki, amma ƙofa ba ta buɗe ba.

"To, ai yanzu za ta ci abincinta," in ji Dogo.

"Za ta ci? Matar da ka kunyata a ɗakinta? Kai dai tsawo kawai aka ba ka."

Ya ce mu kai maganar gaban Babban Fasto, ko mu saya mata buhun shinkafa. Na ce buhu zai ƙarasa abin da ya fara ne, don Inna ba ta roƙi kowa ba. Na ce ya bar mini. Na sa muka ci burodi muka sha shayi a gidan mishan har muka yi nak, sannan na ɗauki farantina na ƙarfe na sa a jaka tare da littattafai.

Na ƙwanƙwasa. Ba a buɗe ba. Na ɗaga murya na ce, "Inna, yunwa muke ji, kuma Dogo ya zo neman gafara."

Keke ya tsaya. Ta buɗe, fuska a ɗaure. Dogo ya durƙusa, har a durƙushen ya kusa kai kafaɗarta, sai da ta danne dariya. Ta shige bayan labule, ta fito da faranti biyu kamar kullum. Na zaro nawa na ajiye a tsakiya.

"Wannan kuma na wane ne?"

"Naki ne, Inna. An ce mana mu ci abin da aka ba mu. Ba a ce mu ci mai gida tana tsaye ba."

Na ɗauki cokali na raba shinkafar uku, na tara mafi yawa a farantin ƙarfe. Ta daɗe tana kallona.

"Ka leƙa tukunyata ke nan."

"Na leƙa, Inna."

"Marar kunya." Ta nuna teburin. "Farantan nan biyu, ɗaya nawa ne, ɗaya na ɗana. Tun da ya rasu ban iya zama a teburin nan ba. Ku ne kuka fara cika kujerun."

Ban yi mata wa'azi ba. Na jawo kujerar keken ɗinki zuwa tebur, na tsaya riƙe da ita har ta zauna. Ta ɗauki loma ɗaya, ta ɗauki ta biyu. Can na ga hannunta yana lallaɓa ƙwai zuwa farantin Dogo, na tare shi da cokali. Ta harare ni, ta cinye abinta.

Da za mu tafi na miƙa hannu in ɗauki farantina, ta buge hannun.

"Bar shi nan," ta ce. "Gobe da me zan ci?"