Birkin Gefen Malam

Mutumin da ya koya wa rabin gari tuƙi ya kasa koya wa matarsa Gwaggo, ita kuwa ta san laifin ba nata ba ne.

Mijin nata, wanda ɗalibai suka laƙaba wa Malam Birki, a makarantar koyon tuƙi ya tsufa. Da idonsa ya fara hazo, mai makarantar ya rage masa aiki, ya koma safiya kawai. Shi kuwa tuni ya tsara ritayarsa: zai riƙa koya wa tsofaffin unguwa tuƙi kyauta, irin waɗanda kunya ta hana su zama aji ɗaya da jikokinsu. Gwaggo ce ɗalibar farko, kuma nata karatun ba na sha'awa ba ne. Likita ya ce tuƙi ya kusa ƙare wa Malam, in ba ta iya ba, su biyun sun zauna ke nan.

Matsalar duk tana ƙarƙashin ƙafarsa. Motar makarantar da yake koya mata da ita birki biyu gare ta, ɗaya na ɗalibi, ɗaya a gefen malami, kuma Malam bai taɓa yarda da na ɗalibi ba. Leda ta gifta, ya taka. Inuwar sandar lantarki ta kwanta a titi, ya taka. Har kare da ke barcinsa can gefen hanya sai da aka taka masa birki. Makonni suka shuɗe Gwaggo ba ta taɓa tsayar da mota da kanta ba, sai dai goshinta da ya kusa sabawa da sitiyari. In ta yi magana ya ce ba shi ba ne, ƙafar ce ta saba. Ta ce to a bar ƙafar a gida mana.

Ranar da tura ta kai bango, ta ɗauki makullin tsohuwar motarsu ta gida, wadda ba ta da birki a gefensa. Ya yi ta ƙorafi, ya ce wannan ganganci ne, amma dai ya shiga.

Bai daina ba. Tun daga bakin gida yake dukan ƙasan motar da ƙafa kamar mai kashe kyankyaso, bakinsa kuma bai huta ba: sigina, madubi, rage, na ce rage. Gwaggo ta cije leɓe, ranta na tafasa, tana ayyana cewa gobe za ta nemi wani malamin ko da zai yi fushin shekara.

Sun shiga wani layi mara cunkoso, yana tsakiyar yi mata huɗuba a kan madubi, sai ta take birki da ƙarfi. Motar ta tsaya cak.

Ya juyo a fusace. "Ke kuma me ya tsayar da ke? Hanya fa a buɗe take."

Wata tsohuwa ce sanye da tufafi ruwan toka take tsallakawa da sanda, daf da hancin motar. Sai da ta dafa murfin injin don ta huta sannan Malam ya gan ta. Ya dubi tsohuwar, ya dubi ƙafarsa. Ƙafar tana nan a miƙe, ko motsi ba ta yi ba.

Gwaggo ta daɗe tana tanadin maganar da za ta yaɓa masa ranar da ta yi daidai shi ya yi kuskure. Ga ranar ta zo, tausayi ya hana ta.

Ya janye ƙafar a hankali ya cusa ta ƙarƙashin kujera. "Kai ni makaranta," ya ce. "Zan mayar musu da makullinsu."

Ta kai shi. Tun daga nan har ƙofar makarantar bai ce sigina ba, bai ce madubi ba. A shataletale ta manta siginar da gangan, ta saurara. Bai ce komai ba.