Ranar da Kalangu Ya Kira Marina

Illa yana tsakiyar yi wa mahauta kiɗa a kasuwar Birni, hantsi ya dubi ludayi, sai ga Inno mai fura a guje, ko ɗankwali babu.

"Gobara! Ta cinye rumfunan masaƙa, iska na kora ta wajen rumbunan iri!"

Shekarar nan damina ba ta yi kyau ba. Ɗan irin geron da ya rage wa unguwa duk yana cikin rumbunan, rijiyoyi kuma sun koma taɓo. Mahauta suka ruga, amma me mahauci zai yi wa wuta da wuƙa? Ruwa na wurin marina, karofi cike. Salkuna na wurin dukawa. Ƙugiyoyin yaye jinka na wurin maƙera. Ihun gobara kuwa gida yake mai da kowa, ya tsare nasa. Take ne kaɗai ke fito da mutum da kayan aikinsa, kowace sana'a da nata. Makaɗin mahauta kuma, in ya kuskura ya buga taken wasu, Sarkin Fawa ya karɓe kalangunsa ke nan.

Illa ya daɗe yana satar sauraren taken mutane, don son sani kawai. Abin da ya fi cin ransa shi ne, kiɗan suke amsawa ko gangar? Ya hau turmi, ya matse kalangu a hammata, ya saki taken marina.

Ya sake bugawa. Sai wani tsoho ya leƙo daga lungu, hannu baƙi ƙirin da baban rini.

"Wane mara kunya ne ke kiranmu da gangar 'yan tumbi?"

"Baba, zage ni gobe! A kawo ruwan karofi!"

Ya juya zuwa taken dukawa, ya bi da na maƙera. Kafin a jima layi ya miƙe daga marina har rumbuna, salka na bin hannu. Maƙera suka yaye jinkar gidajen da ke tsakani. A cikin layi, marina da mahauta na ta zolayar juna.

"Miƙo, mai warin kitse!"

"Karɓi, mai hannun aljan!"

Da la'asar wuta ta mutu, taku goma tsakaninta da rumbun farko. Sarkin Fawa Alkasum ya zo, shuɗi har gwiwar hannu, ya ƙura wa Illa ido.

"Kai, wa ya koya maka taken maƙera?"

"Ranka ya daɗe, kunne."

Bai rufe baki ba sai ga Zakari, tafintan Kumandan, Baturen mulki, da gardin bariki biyu.

"Kumandan ya hango komai daga kan dutse. Ya ce wata uku yana neman masu fasa duwatsun hanya, bai tara rabin mutanen nan ba. Makaɗin da ya kira su ya zo bariki gobe, a ba shi riga da jar hula."

Kowa a nan yana da ɗan'uwan da aikin tilas ya tafi da shi. Illa ya dubi marina, ya dubi maƙera. A hankali ya cire kalangun, ya durƙusa ya ajiye a gaban Alkasum.

"Makaɗi?" in ji Alkasum. "Ai ka makara, Malam Zakari. Ya yi wa maƙera kiɗa, na karɓe gangarsa. Wanda aka tuɓe kuwa, ko ya kwana yana bugu, akuya ma ba za ta fito ba. Tambayi kowa."

"Haka al'ada take," tsohon marinin ya ce, yana goge hannu a riga.

Zakari ya yi tsaki, suka juya. Da suka yi nisa, Illa ya miƙa hannu zai ɗauki abinsa. Alkasum ya riga shi, ya rataya a kafaɗa.

"Janye hannunka, Zakari na waiwaye. Sai bayan an yi shuka. Kafin nan ka zo ka koyi fiɗa, tunda kai komai so kake ka sani."