Ƙwallayen Baba Shiru

"Bai bushe ba," in ji ma'aikaciyar lafiya. Ta ɗauke tafin hannunta daga bangon ɗakin barcin yara ta nuna min, sai ka ce ni na jiƙa shi. "Kin ga baƙin nan da ke fitowa a lungu? Yaro ya shaƙi wannan, tari ne. Ba zan sa hannu ba, Anti."

Na raka ta bakin ƙofa ina dariyar yaƙe. Gidan renon yara gare ni, ɗaki uku da tsakar gida, inda iyaye ke ajiye 'ya'yansu su tafi aiki. Ambaliya ta shigo mana har gwiwa, ta jiƙa katifu, ta bar mana laka da wari. Hukuma ta rufe mu, kuma da gaskiyarta.

Ina juyowa na ga 'yar maƙwabcina tana leƙowa ta katanga.

"Anti, Baba na kira."

Mahaifinta tsohon direban babbar mota ne, tagar ɗakinsa tana kallon tsakar gidanmu. Tun ranar da na buɗe ba mu taɓa shan inuwa ɗaya ba. Da yara sun fara ihu sai ya buga sandarsa a ƙarfen taga ya daka tsawa: "Shiru!" Yaran kuwa suka ɗauka sunansa ke nan. Kullum da safe sai su jeru su ce, "Ina kwana, Baba Shiru!" Shi kuma ya amsa da "Shiru!", su kwashe da dariya. Ƙwallon da duk ta tsallaka katangarsa kuwa ta tafi ke nan, ko gawarta ba a gani.

Na same shi a kwance, ya rame sai ido. Ciwon ƙirjinsa ya tashi tun bayan ruwan, kuma 'yarsa ta riga ta faɗa min abin da likita ya ce: a kai shi gida, a ba shi duk abin da yake so.

"Uwar hayaniya," ya ce, "ina rundunar?"

"Kai, Baba! Ba kai ke neman shiru ba? Ga shi Allah ya ba ka kyauta."

"Wannan ba irin nawa ba ne. Nawa sai an yi ihu nake nemansa. Yanzu in na tashi da safe, wa zan yi wa faɗa? Wannan?" Ya nuna 'yarsa da haɓa. "Ita ramawa take."

Muka yi dariya, amma ni kuka ne ya taso min. Na matsa kusa na ce masa gobe zan ɗauko yara huɗu ko biyar su yi wasa a tsakar gida, ba wanda zai sani.

Ya lalubo sandarsa kamar zai make ni.

"Ke! 'Ya'yan mutane a cikin wannan danshin? Ƙirjina da ya lalace bai ishe ki ba? Ki bari ya bushe. Ni direba ne, na saba jiran lodi."

To, magana ba ta kwana a unguwarmu. Kafin gari ya waye kowa ya ji cewa Baba Shiru na jiran lodi. Mai aski ya kawo janareta, mai walda ya kawo manyan fankoki biyu masu ƙarar jirgi. Iyaye mata suka ɗaure ɗamara, suka kankare bango, suka jiƙa kayan wasa a ruwan magani, katifun da suka sha laka muka zubar. Mai gyaran wuta ya ɗaga soket-soket sama, mai famfo ya wanke tanki. Shi kuwa mara lafiyar, daga kan gado yake ba da oda ta bakin 'yarsa: a buɗe tagar baya iska ta ratsa, a daina surutu a yi aiki.

Ni dai tsoro nake ji. Kowace safiya kafin in taɓa bango sai na tsaya na kasa kunne. In na ji tarinsa, sannan hankalina ya kwanta.

Da ma'aikaciyar lafiya ta dawo, ta shafa bango, ta sunsuna lungu, ta ɗebi ruwan tanki ta tafi da shi. Ranar da ta kawo sakamako ba ta ma zauna ba. Ta ce, "Anti, ki buɗe." Na rungume ta har hularta ta faɗi.

Safiyar buɗewa sai na yi wauta. Na tare yaran a ƙofa na ce Baba ba shi da lafiya sosai, kowa ya yi a hankali. Suka shigo da sanɗa, suka zauna kan sabuwar tabarma suna raɗa. Can sai ga ƙarar sanda a ƙarfen taga, a raunane. 'Yarsa ta leƙo, ido ya yi ja amma tana dariya.

"Wai in tambaye ki, buɗewa kika yi ko zaman makoki kuke tun bai mutu ba?"

Na juya na ce, "Yara, ku gaishe shi!"

Wayyo, ashe a cike suke. "Ina kwana, Baba Shiru!" Suka ɓarke da tsalle da ihu, wani na buga kwano, wata na kuka ba dalili. Ban taɓa jin daɗin ciwon kai irin na ranar ba. Muka jira. Sai ga murya ta fito ta taga, siririya kamar zare:

"Shiru!"

Yara suka zube ƙasa don dariya. 'Yarsa ta ce shi ma ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi, da ya lafa ya ce mata, "To, lodi ya cika."

Ya rasu da rana, lokacin da yaran ke barci. Allah ya jiƙansa.

Bayan 'yan kwanaki muna tsakar gida sai ga ƙwallo ta faɗo daga bayan katanga. Sai wata, sai wata, ja da shuɗiya da wadda ta sace. 'Yarsa ce ke jefowa. Daga ƙarƙashin gadonsa ta ɗauko su cike da baho. Ta ce bayan ambaliya shi ya zauna da buroshi ya wanke su ɗaya bayan ɗaya, ya hana kowa taɓawa.

Yara suka bi ƙwallaye da gudu. Autarsu, wadda ba ta daɗe da fara magana ba, ta ɗauki ja ta rungume, ta taka har gindin tagar. Sandar tana nan jingine da ƙarfen. Ta ɗaga kai ta ce, "Ina kwana, Baba Shiru," ta tsaya tana jira.