Benci Huɗu na Ajin Matasa

Kafinta ya miƙa wa Dogo tsintsiyar, ya ce ya karya ta in ya isa. Ya riga ya sa wata yarinya ta zaro tsinke ɗaya ta karya kowa na gani, saura a nuna musu cewa tsintsiya in tana ɗaure ba ta karyuwa. Shekara shida yana koyar da ajin matasa a makarantar Lahadi, misalin nan bai taɓa ba shi kunya ba. Amma Dogo, wanda bana ya zarce ubansa tsawo, ya ɗora ta a gwiwa ya danna. Madaurin ya tsinke, tsinkaye suka watse har ƙarƙashin benci, aji ya kwashe da dariya.

Kafinta ya yi yaƙe ya ce a tattara. Abin da ya shirya faɗa ya ɓace masa fat.

Yara goma sha huɗu ne a gabansa maimakon ashirin da uku. Taran sun bi iyayensu, domin yau ce Lahadi ta farko da ikilisiyar ta rabu biyu. Baba Fasto da dattawa suna nan, ƙaramin fasto da waɗanda suka bi shi sun kama wani ɗaki a saman kantin fenti, can bayan tashar mota. Da za a ritsa Kafinta a tambaye shi abin da ya raba su, ba zai iya faɗa ba. Wasu sun ce sauya wa ƙaramin fasto wurin aiki aka yi ba shawara. Wasu sun ce wata magana ce ta fito a taron dattawa, amma mutum uku sun ba shi labarin maganar, kowa da irin tasa. Shi dai ya san Baba Fasto ne ya ɗaura masa aure, ƙaramin fasto kuma shi ya yi ta zaryar asibiti lokacin da injin yanka katako ya ci masa yatsa. To, wanne zai ce ba nasa ba ne?

Da safe matarsa ta goge masa riga, ta ɗaura ɗankwalinta, sannan ta ce ita can wurin ƙaramin fasto za ta. Ba faɗa, ba ɗaga murya. Ta ce wa Auta, 'yarsu mai shekara goma sha uku, ta zaɓi wanda za ta bi. Auta ta dubi wannan ta dubi wancan, ta ɗauki jakar ubanta ta yi gaba. Yanzu ga ta can a bencin baya tana wasa da bakin siket ɗinta.

Baba Fasto kuwa tun ranar Alhamis ya same shi a shago, ya ce ya koya wa yara haɗin kai kamar yadda yake a littafin darasi, kada ya taɓo abin da ya faru. Kafinta ya buɗe littafin ya fara karantawa ke nan, wata yarinya mai tabarau da 'yan ajin ke kira Lauya ta ɗaga hannu.

"Malam, waɗanda suka tafi, su suka fita daga ikilisiya, ko mu muka fita daga tasu?"

Ya ce ikilisiya ba gini ba ce, mutane ne, dukansu na Ubangiji ɗaya. Dogo ya ce shi mamarsa ta ce 'yan tawaye ne. Auta ta ɗago kai a karo na farko. Kafinta ya ce a ajinsa ba a kiran kowa ɗan tawaye, 'yan'uwa ne, jiya 'yan'uwa, yau ma haka.

"In 'yan'uwa ne, me ya sa aka canja kwaɗon babbar ƙofa?" in ji Lauya.

Kafinta da hannunsa ya kafa kwaɗon ranar Juma'a. Sakataren ikilisiya ya ce masa tsohon yana cijewa, ya gwada ya ga lafiyarsa ƙalau, amma ya canja, don shi aiki aka sa shi. Sai yanzu ya tuna su wa ke riƙe da makullan tsohon: ƙaramin fasto da mutanensa.

Yana laluben amsa ya ji an ja birki a bakin taga. Ƙanin matarsa ne, direban ƙaramar motar kaya, abokin wasansa wanda ba ya ganinsa bai ce masa "tsoho mai ƙusa a baki" ba. Yau sai ya tsaya a ƙofa yana murza makulli, ya gaishe shi kamar baƙo. Ya ce Yaya ce ta aiko shi. Ta ce benci huɗu daga cikin shidan da ke ajin na mijinta ne, a taimaka musu da su, ta san ba zai hana ba.

Gaskiya ta faɗa. Shi ya ƙera su shekara uku da suka wuce, wanda ya sa aikin ya fasa, shi kuma ya kwaso su ya kawo aji. Kafin ya buɗe baki sakatare ya iso da sauri, ya hango motar daga ofis. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, mai son komai a rubuce. Ya ce ko allura ba za ta fita daga harabar nan ba sai da izinin dattawa. Direba ya ce kayan mutum ai nasa ne. Sakatare ya juyo ya tambayi Kafinta, ranar da ya kawo bencin nan, kyauta ya ba ikilisiya ko aro?

Bai taɓa tambayar kansa ba. Ya kawo su ne don yara su zauna. A lokacin ba wanda ya ce masa ikilisiya za ta zama biyu, balle ya san wacce ya ba. Yara duk sun miƙe tsaye ba wanda ya sa su, sun zuba masa ido, ga waƙar buɗe sujada tana tasowa daga babban ɗaki.

Don ya samu sararin tunani, ya tambayi direba a kan me yaran can suke zaune. Direba ya ce manya sun samu kujerun haya, yara kuwa wasu a kan gwangwanin fenti, wasu a ƙasa. Ba su da malami, Yaya ce ta riƙe su.

"Me take koya musu?"

"Haɗin kai mana. Littafin ai ɗaya ne."

Kafinta ya juya ya dubi bencin. Bai san lokacin da ya yanke shawara ba, sai dai ya ga hannunsa ya kama gefen benci, yana ce wa Dogo ya kama ɗaya gefen. Sakatare ya matsa daga ƙofa a hankali, ya ce to, bayan sujada sai ya zo ya yi wa dattawa bayani, kuma ba ya jin za su bar ajin a hannunsa. Kafinta ya ce ya ji.

Aka loda huɗun, sai aka ga direba bai zo da igiya ba, ga hanyar tasha duk ramuka. Ana cikin neman abin ɗaurewa, Auta ta taka taya ta haye baya, ta zauna a tsakiya ta rungume ƙafafun bencin.

"Baba, zan riƙe wa Kawu," ta ce, ba ta dube shi ba.

Ya so ya tambaye ta ko za ta dawo in an sauke. Ya ga in ya tambaya, ya sa ta sake zaɓe ke nan, sau biyu a safiya ɗaya. Ya ce ta riƙe da kyau. Motar ta fita ƙofa ta karya kwana.

Da ya koma aji ya tarar sun matsu a benci biyun da suka rage, wasu a bakin taga, Dogo a ƙasa ya miƙe ƙafafu. Lauya, wadda ita ke kiran suna, ta buɗe rajista a cinya.

"Malam, Auta fa? In sa ta zo, ko ba ta zo ba?"

Ya daɗe yana kallon sawun ƙafafun bencin a kan siminti.

"Sa ta zo. Su ma taran, sa sun zo."

"Ƙarya a cikin coci, Malam?"

"A kan bencin ajinmu za su zauna," ya ce.

Lauya ta gyara tabarau ta dube shi, da alama amsar ba ta gamsar da ita ba. Shi ma ba ta gamsar da shi ba. Ta ajiye biro, ta ari fensir wurin ta kusa da ita, ta fara daga sunan farko.