Tankar Rashidu a Garajin Dodo

Wata uku Rashidu ya yi yana harhaɗa ƙaramar tankar yaƙi ta roba, wadda ya zo da ita Tawa a kwali daga ƙasar da ya yi karatu. Tsawonta bai wuce taƙi guda ba. Ran Asabar za a yi gasar masu irin wannan aiki a Yamai, kuma launi ne alƙalan suke fara dubawa. In bai yi daidai da na tankar gaske ba, sai su ture ta gefe.

Launin ya ba shi wahala. Ya tara hotuna, kowane da irin haskensa. Ya je har garin Barmu ya ɗebo ƙasa a gwangwani, ya shanya, ya gwada launinta da fentinsa. Daga ƙarshe ya tsaya a kan uku: ruwan rairayi, jar ƙasa mai duhu, da baƙi kaɗan, duka marasa sheƙi. Ran Laraba injinsa na fesa fenti ya ƙone.

Ya kai tankar garajin Dodo, mai fentin manyan motoci a bayan tasha. Ya ba shi kwalabe uku da takardar da ya zana inda kowane launi zai hau.

"Malam Dodo, kada a ƙara, kada a rage."

Dodo ya ɗaga kwalba ɗaya ya duba. "Wagga kalar jaki ce, ɗan makarantar lakwal. Wa za ya ganinta?"

"Don kada a gan ta aka yi ta."

"To. Shekara talatin nike aikin ga. Tahi abinka."

Ran Juma'a bayan masallaci ya koma. Tankar na kan duro, direbobi sun kewaye ta. Launukan uku suna nan, kowane inda takarda ta ce. Amma Dodo bai taɓa sallamar mota tsirara ba. Ya bi ta da man sheƙi har tana ɗaukar ido. Ya zana ɗawisu a kowane gefe, ya zagaye bakin bindigar da ja da rawaya. A gaba, da ɗan siririn rubutu: ALLAH KIYAYE HANYA.

"Alheri na yi maka," in ji Dodo. "Yadda ka so ta, ko akuya ba ta waiwayenta."

"Tankar yaƙi ce!"

"Yo, ita ba ta bin hanya?" in ji wani direba. Aka yi dariya.

"A goge. Yanzu," in ji Rashidu.

Dodo ya taɓe baki. Ya tsoma tsumma a ruwan da yake wanke fentin mota, ya dirji ɗawisun. Ɗawisun ya fita. Launin da ke ƙarƙashinsa ya bi shi, sannan robar ta yi laushi, gefen tankar ya lotsa ƙarƙashin babban yatsansa.

Tafiyar Rashidu Yamai ta fasu.

Dodo ya shinshina yatsan, ya goge a wando.

"Robar banza ce," ya ce. "Can ma cutarka sunka yi."