Tambarin da Ke Kan Aljihu

Tun da Auta ta dawo gida ba ta sake duban Yayarta da sakakkiyar fuska ba. Laifin Yaya ɗaya ne: ɗinki ya ja baya, ta kasa ci gaba da ɗaukar nauyinta a jami'ar kuɗi, ta mayar da ita ƙaramar jami'ar gwamnati da ke bayan tasha. Auta kuwa ta ɗauki abin da zafi, sai ka ce tsirara aka yi mata a kasuwa.

Ranar nan Yaya na kan keke tana haɗa hannun riga, sai ga Auta ta faɗo shago tun hantsi, ta wurga farar rigarta ta ɗakin gwaji a kan teburin yanka.

"Yau ma an koro ki?" in ji Yaya, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Malamin ne. Wai ba mai shigar masa ɗakin gwaji da tambarin wata makaranta a ƙirji. In na sake rasa darasi ɗaya, zai cire sunana."

Yaya ta san abin da ya hana a cire tambarin. Kullum da safe Auta sai ta saka rigar ta ɗauki hoto a jikin farin bango, ta tura wa tsoffin ƙawayenta, waɗanda har yau suke zaton jinya ta zo yi gida. Wannan ƙaryar ce ta fi ƙona wa Yaya rai.

"Miƙo in cire shi."

"Kada ki taɓa min! Kin raba ni da makarantar, shi ma sai kin raba ni da shi?"

Keken ya tsaya cak.

"Ni na raba ki? Ke Auta, ki kiyaye ni. Idona ya kusa tsiyayewa a kan allura, ke kina can kina yanga da 'ya'yan masu hali."

"Wa ya roƙe ki? Da kin san ba za ki iya ba, me ya sa kika fara?"

Maganar ta soki Yaya har ƙashi. Ta fizgi rigar, ta zaro reza.

Sai dai fa tambarin nan ba wani ya ɗinka shi ba, ita ce. Lokacin da aka ɗauki Auta a jami'ar kuɗin, da ɗan fil aka ba da shi, a maƙala a cire. Yaya ta ce a'a, ƙanwarta ta wuce fil. Ta ninka zare, ta matse ɗinkin keke, ta zagaye shi, ta sake zagayewa, tana nuna wa duk mai kawo ɗinki, tana cewa wannan ko wanki ya gaji ba zai motsa shi ba. To, ga shi yau reza ta rasa inda za ta shiga. Ta tsinka nan, ta tsinka can, cikin haushi. Da ta ja da ƙarfi, sai tambarin ya taho da yadin da ke ƙarƙashinsa, aljihu ya yage, ƙirjin rigar ya ɓule.

Yaya ta fara laluben farin ƙyalle cikin kwandon tsummoki.

"Tsaya in yi miki faci, ba mai ganewa."

Auta ta karɓe rigar ta zura, ta ɓalla maɓallai har wuya, ɓular na nan fili kowa na gani.

"Bar shi haka," ta ce, murya a bushe. "Duk wanda ya tambaye ni, zan ce aikin Yayata ne."

Ta fita ta nufi bayan tasha, ba ta waiwaya ba. Makarantar dai za ta, abin da Yaya take so ke nan, amma ko ɗigon daɗi ba ta ji ba. Ta dubi tambarin a tafin hannunta, ɗinkinta zagaye da shi ko zare ɗaya bai saki ba. Ta ɗaga hannu za ta jefa shi cikin tsummoki, ta kasa. Sai ta buɗe gwangwanin maɓallai ta tura shi can ƙasa, ta rufe.