Muryar Maikano

Ni ce Hansai mai kifi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gadar Wudil ya san kaskona, ya kuma san bakina, don ni ba na barin ta kwana. Mijina Haladu kuwa ɗan acaɓa ne mai jigila tsakanin Wudil da Dagumawa, irin mutumin nan da ko yatsa ka sa masa a baki ba zai ciza ba. Kullum sai na ce masa, "Malam, sanyinka ya yi yawa, wata rana sai an taka ka an wuce." Sai ya yi dariya, ya ɗauki wutsiyar kifi ya yi gaba.

Baba Maikano shi ne shugaban 'yan sintirin Dagumawa. Dattijo ne na gari, amma idan ya tare ka da gaisuwa, to sauke kayanka kawai. Zai tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi gajiya da ruwa, har akuyar da ta haihu bara sai ya ji lafiyarta. Ko a guruf ɗin da yaransa suke da shi a waya haka yake. Ba ya rubutu, saƙon murya yake turawa, kuma sai ya gama gaida kowa kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Yaran na yi masa tsiya a bayan ido, amma in ya ce su faɗa wuta, wallahi faɗawa za su yi.

Ranar wata Alhamis ce, jajiberin kasuwa. Fatake sun tara shanunsu a wani fili a Dagumawa kafin a shigar da su kara, wato kasuwar shanu, yaran Baba Maikano na gadi. Bayan azahar Haladu ya faka mashin a gefen rumfata ya zauna cin abinci. Ko loma ta kirki bai kai ba sai ga babura sun yo kanmu kamar an koro su, kowane da goyo, da gora da adda da barandami. Na gabansu Garzali ne, ɗan Baba Maikano na cikinsa, yaron da yake ce min Yaya, yake cin kawunan kifina kyauta.

"Ga shi nan! Ga infoman!" in ji Garzali.

Haladu ya ɗago kai yana shirin yi musu sannu da zuwa. Gorar farko ta same shi a baki, kwanon ya kife, haƙoransa suka zubo a cikin shinkafar. Suka jawo shi ta ƙafa har tsakiyar titi.

Na zabura na kamfato man da ke tafasa da ludayi na watsa wa na kusa da ni, ya ƙwalla ƙara ya saki addarsa. Na cakumi kwalar Garzali. "Kai, ɗan banza! Me ya yi muku? Uban wa ya aiko ku?"

"Ubana ne ya aiko mu," ya ce, ya danna waya ya kanga min a kunne.

Muryar Baba Maikano ce, babu ko tantama, har da ɗan kakin nan da yake yi kafin ya yi magana. "Ku bar shanun ku tafi gada yanzu. Haladu ɗan acaɓa shi ke kai wa ɓarayi rahoto. Kada ku saurare shi, kada kuma ya tashi da ƙafarsa." Ga hoton Haladu a ƙasan saƙon, wanda ya ɗauka ranar sallah da sabuwar hularsa.

Amma nan take wani abu ya tsaya min a rai. "Ina sallamar?" na ce. "Ina gaisuwar? Yaushe ubanka ya taɓa buɗe baki bai gaida mutane ba? Wannan ba shi ba ne!"

"Ni za ki koya wa muryar ubana?" Ya hankaɗa ni na faɗa kan murhu, gawayi ya ƙone min hannu.

Kafin in tashi jama'a sun cika wurin. Ka san mutanenmu, da an ce ɓarawo babu mai tambayar me ya sata. Masu lodin mota, masu rake, har wani da Haladu ya kai matarsa asibiti cikin ruwan sama, da idona na gan shi ya ɗauki dutse. Haladu ya dunƙule yana kare kansa da hannu, yana salati. Adda ta sauka a hannun, yatsunsa biyu suka rataya. Na kutsa na kwanta a kansa, aka janye ni ta gashi, ɗankwalina ya tafi. Na ciji wani, na yakushi wani, na zagi iyayen kowa. Garzali na saka saƙon yana ɗaga wayar sama, duk lokacin da muryar ta ce "kada ya tashi da ƙafarsa" sai a ƙara rufe shi da duka.

Isiyaku mai shayi, Allah ya saka masa, shi kaɗai ya yi tunanin kiran layin Baba Maikano kai tsaye. Ashe tsohon yana fadama yana ban ruwa, bai san wainar da ake toyawa ba. Ya iso a bayan wani mashin, ƙafafunsa duk taɓo, yana ihu, "Ku bari! Ku bari don Allah!" Babu wanda ya ji shi, muryar cikin wayar ta fi tasa ƙarfi. Da ya ga haka sai ya faɗa kan Haladu da jikinsa. Gorar da Garzali ya ɗaga ba ta tsaya ba, ta sauka a kafaɗar ubansa, kowa ya ji ƙarar ƙashi.

Sai kowa ya ja da baya.

"Wa ya sa ku?" in ji tsohon, yana nishi.

"Kai ne, Baba," in ji Garzali. Ya sake danna wayar. Baba Maikano ya saurari kansa yana ba da umarnin kisa, ya dinga girgiza kai yana cewa innalillahi.

Daga baya aka warware zaren. Da safiyar ranar wani ya kira shi ya ce daga ofis ne, za a raba wa 'yan sintiri babura. Mutumin ya iya gaisuwa, Baba Maikano ya samu abokin yi, suka daɗe suna ta ina gajiya ina iyali. A ƙarshe ya ce ya karanto masa lambobin da aka turo masa yanzu don a sa sunansa. Ya karanto. Daga nan guruf ɗin ya ƙi buɗewa a wayarsa, ya zaci data ce ta ƙare, ya jefa ta aljihu ya tafi gona. Fiddausi, wata 'yar jami'a da ke sayen kifi a wurina, ita ta fahimtar da ni cewa da lambobin aka ƙwace masa shafinsa, da gaisuwar kuma aka koya wa na'ura muryarsa har ta iya faɗin duk abin da aka ga dama. Lokacin da yaran suke kan mijina, ɓarayi suka shiga filin Dagumawa da motoci suka loda shanun da rana tsaka, kowa ya zaci fatake ne. Haladu bai tsare musu komai ba. Hotonsa kawai suka tsinta a shafin tsohon.

A bayan a-kori-kura muka ɗauke shi, kansa a cinyata, jininsa ya jiƙa min zani har ƙasa. Ina ta kiransa, ina masa faɗa ya buɗe ido. Kafin mu kai ƙofar asibiti ya cika.

Garzali da wasu cikin yaran na tsare a hannun hukuma. Ɓarayin kuwa har yau ko ƙeyarsu ba a gani ba.

Ranar sadakar uku Baba Maikano ya zo min gaisuwa, hannunsa a rataye a wuya, ya rame kamar kara. Ya durƙusa a ƙofar ɗaki, dattijo da furfurarsa, ya yi ɗan kakin nan nasa, ya fara, "Salamu alaikum, Hansai, ya haƙuri, ya..."

Na toshe kunnuwana.

"Baba, don girman Allah ka yi shiru," na ce. "Na san ba kai ka faɗa ba. Ni na fara cewa ba kai ba ne. Amma da wannan muryar aka kashe min miji, ba zan iya jin ta ba."

Ya daɗe a durƙushe, hawaye na bin gemunsa, sannan ya tashi ya fita.

Na gama takaba na koma bakin kaskona, don yara sai sun ci. Duk ranar Juma'a yakan wuce ta gabana zuwa kasuwa. Mutumin da ba ya iya wuce ko yaro bai gaida shi ba, in ya zo daidai rumfata sai ya tsaya, ya ɗaga min hannun nan mai lafiya, bakinsa a rufe. Ni ma in ɗaga masa, in ci gaba da juya kifina.